Awa Goma Tsakanin Gwanzu da Jidda

"Ki hwaɗa mishi ya iske ni Jidda."

Zuwaira ta tsaya da tiren shayi a hannu, ba ta ajiye ba, ba ta kuma miƙe ba. Ta yi zaton kunnenta ne ya yi mata ƙarya.

"Baba... Jidda?"

"Jidda na ce. Wata mai kamawa zan tahi Umra, shi kuma an ce yana can wajajen. In da gaske yake son ɗiyata, ya taho ya gaishe ni in ga mutum da idona. Ba ni ba da ɗiya ga murya cikin salula."

Ta saci kallon gefen tabarma. Halidu na zaune ya tanƙwashe ƙafa, yana juya wayarsa a hannu, fuskar nan tasa kamar ta wanda bai san zancen da ake yi ba. Ɗan aminin Baba ne, yana aiki a wata ajans mai shirya wa mutane tafiyar Makka, kuma shi ya yi wa Baba takardunsa. Sau biyu yana neman auren Zuwaira tana ba shi haƙuri. Baba bai taɓa ce mata dole ba, amma ko makaho ya san inda zuciyarsa ta karkata.

"Ai kusa ne, Baba," in ji Halidu cikin ladabi. "Na duba. Daga Gwanzu zuwa Jidda awa goma ce kawai, jirgi guda, ba sauka."

Baba, Malam Nomau, ya yi dariya har yana dukan cinya. Awa goma? Shi da ya sha yin fiye da haka tsakanin Arlit da Agadas, ranar da taya ta yi masa gardama!

A nan gizo ke saƙa. Malam Nomau ya shekara talatin da ɗoriya yana jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Tawa da Arlit, kuma direban wannan hanya ba ya lissafi da kilomita. Kwalta ta mutu tun tuni, sai rami da rairayi, saboda haka kilo ba ya gaya wa kowa komai. Ka tambaye shi nisan Agadas daga Arlit, ba zai ce maka ɗari biyu da arba'in ba. Zai ce in ka fita da asuba, Allah kuma ya tsare taya, ka yi la'asar a can. Duk wurin da ake kaiwa ba a kwana hanya ba, a wurinsa maƙwabta ne.

Zuwaira ta yi ƙarfin hali, ta ce ai ta ji tsakanin garuruwan nan biyu ya fi kilomita dubu bakwai. Baba ya ɗaga mata hannu. Ya ce kilo ba ya gajiyar da mutum, awa ke gajiyarwa, kuma shi lokacin da yake neman mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, kwana biyu ya yi bisa buhunan gero don ya je gaisuwa kawai.

Ta koma ɗaki da tiren.

Wanda ake maganarsa kuwa, Alhusaini, ɗan Gugaram ne, Buzu, amma a Arlit ya girma. Yana gyaran wuta a kamfanin ma'adinai lokacin da ya fara zuwa shagonta na ɗinki a kasuwar Akokan da ke gefen Arlit, wai ya kawo yadin ƙanwarsa. Yadi ya ƙare, ya dawo da maɓalli. Maɓalli ya ƙare, ya dawo ya ce waya ce ta keken ɗinkinta bai yarda da ita ba. Ita kuwa ta bar shi ya yi ta gyaran wayar da lafiyarta lau.

Sai aka rufe ramin ma'adinan Akokan. Aiki ya tsaya, gari ya fara tsiyayewa. Alhusaini ya bi 'yan kasuwa, ya faɗa Dubai, daga nan ya wuce Gwanzu ta ƙasar Sin, inda ya samu wuri a wani sito da ake loda wa fataken ƙasashenmu kaya. Yana tafinta, yana lura da lodi. Ya ce mata shekara ɗaya zai yi, ya tara abin da zai kafa shagon kayan wuta, ya dawo. Ga shi ana cikin ta uku. Kawunsa Amastan ya zo har sau biyu daga Gugaram da shayi da sukari don neman iri, Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya shayar da shi, ya ce a dai ƙara haƙuri.

Haƙurin kuwa Zuwaira ke yin sa. Ƙawayenta duk sun bi iyayensu, wasu Maradi, wasu Damagaram. Layinsu da a da ba ka iya barcin rana saboda hayaniyar yara, yanzu sai ka wuce gida biyar kafin ka ji motsin turmi. Wasu gidajen har ƙofofin an cire. Takan zauna gaban keke daga safe har yamma ba wanda ya ce mata sannu, sai mai kawo gyaran tsohuwar riga. Kaɗaici ya ishe ta, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Azahar ɗinta ita ce isha'insa, lokacin ne suke samun juna. Washegari ta zagaya bayan shago, inda rezon waya ke kamawa, ta kira shi ta faɗa masa yadda aka yi.

Ta duba wayar ko layin ya yanke.

"Husainina, kana ji na?"

"Ina jin ki, rabin raina. Akwai dai 'yar matsalar takarda... kuma lokacin lodi ne."

'Yar matsala. Haka ya ce, bai ƙara ba. Ita kuwa abin da ya daɗe yana cin ta ya taso mata gaba ɗaya. Ta ce kullum akwai 'yar matsala. Bara ma 'yar matsala ce, bara waccan ma haka. Ta ce mutane sun fara tambayar ta ko da gaske akwai wani Alhusaini, ko dai ita ta ƙirƙiro shi don ta kori Halidu.

"Shekara uku ina zaune kamar kayan da aka manta a tasha," ta ce. "Awa goma ce ta fi ƙarfinka?"

"Haka kika ce, Zuwaira?"

"Haka na ce. In kana so na, ka je."

"To. Shi ke nan."

Magana zarar bunu ce. Tun ranar wayarsu ta zama gajeruwa: kin wuni lafiya, ya Baba, sai an jima. Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Ita ma girman kai ya hana ta sake tayar da zancen. Takan ajiye wayar ta yi ta kallon ta, tana jin haushinsa, tana kuma jin haushin kanta fiye da nasa.

Ranar tafiya ta zo. Ta raka Baba tashar kar, wato bas, Halidu na riƙe da jakarsa yana ta kai da kawo kamar shi ne ɗan fari. Da motar ta ɗaga, ya matso kusa da ita ya ce in mutumin nata bai samu zuwa ba kada ta damu, Allah ba ya rufe ƙofa sai ya buɗe wata. Ta juya ta kama hanyar gida.

Gidan ya rage ita kaɗai. Ta riƙa dafa abincin mutum biyu bisa sabo, tana kai rabin ga wata tsohuwa da ta rage a ƙarshen layi.

Baba ya kwana hanya kafin Yamai, ya jira jirgi, ya tashi. Bayan ya sauke Umrarsa ne, da hantsi tana share shago, wayarta ta yi ƙara. Lambar Saudiyya.

Muryarsa ba irin wadda ta sani ba ce. A sanyaye take.

"Ɗiyata, wanga abu, jirgi... ba mota ba ne."

Ya ba ta labari dalla-dalla, kamar mai ba da shaida. An ba shi kujerar taga. A bayan kujerar gabansa akwai ɗan allo mai nuna taswira da ɗan jirgi yana rarrafe, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Maradi da ke gefensa ya riƙa karanta masa sunayen wurare. Bai gama cin abincin da aka kawo ba aka ce sun wuce Damagaram. Damagaram, da ake wuni cur a mota daga Yamai! Ya ɗan rufe ido, ya buɗe, aka ce Cadi ce ƙarƙashinsu. Sai Sudan. Sai teku. Duka wannan bai kai awa bakwai ba.

"Tun da na sauka nike lissahi," ya ce. "In abin da bai kai awa bakwai ba ya cinye ƙasa uku da teku, awa goma mi za ta ci? Ashe yaron nan bayan duniya yake. Na auna mishi tahiya da ma'aunin kamyo, ɗiyata, ban kyauta ba. Ki kira shi yanzu ki ce ya zamna wurin aikinshi. Na janye maganata."

Daɗi ya kama ta har ta rasa inda ta jefar da tsintsiya. Ta ruga bayan shago ta danna lambar Alhusaini. A kashe. Ta sake. A kashe. Ta aika saƙon murya tana dariya tana kuka, saƙon ya tafi bai isa ba.

Tana nan tsaye sai ga Lalla, ƙanwar Alhusaini, wadda ke aure a cikin Arlit. Ba ta saba zuwa Akokan da rana haka ba. Ta zauna kan benci ta gyara lulluɓinta, ta daɗe tana gaisuwa irin tasu kafin ta kai ga abin da ya kawo ta. Hausarta ta Buzayen Ayar ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji.

"Ya ce kada in faɗa maka sai ya tashi. To, ya tashi. Yana cikin jirgin Jidda tun ɗazu."



Lalla ta ci gaba a hankali. Takardar zamansa a can ta shiga ɗaya ce, in ya fita ya fita ke nan. Maigidansa kuma ya gaya masa a fili, wanda ya bar sito a tsakiyar lodi kada ya waiwayo. Abin da ya tara na shagon ya shiga biza da tikiti, ya raba 'yan kayan ɗakinsa ga abokai.

"Amma ce min ya yi 'yar matsala ce..." in ji Zuwaira. "Don me bai faɗa min ba? Don me bai faɗa wa Baba ba?"

Lalla ta dube ta da mamaki, kamar an tambaye ta don me ake rufe kai.

"Namiji wurinmu ba ya kai kuka gidan surukai. Surukinsa ya ce zo, zuwa ne. Kai ma ka ce masa ya je."

Ba da faɗa ta faɗe ta ba, shi ya sa ta fi zafi. Zuwaira ta zame ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. Ita ta tura shi. Baba ya yi kuskure da rashin sani, ita kuwa ta san lambar kilomitan nan da bakinta ta faɗe ta, amma da haushi ya zo sai ta ari lissafin Baba ta jefe shi da shi.

Ta kira Baba ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ta ji yana salati can ƙasa-ƙasa. Ya tambayi lokacin da jirgin zai sauka, Lalla ta faɗa, ya kashe wayar ba sallama.

Lalla ta koma saboda yara. Aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kamar yadda aka saba, kasuwar ta ƙara yin tsit. Zuwaira ta zauna gaban keken da ba ya motsi, wayar na kan cinyarta. Ba ta taɓa sanin wuni na da tsawo haka ba. Mutum yana wani wuri tsakanin sama da ƙasa, ba a iya kiran sa, ba a iya ce masa dawo, ba a iya ce masa yi haƙuri. Kowace awa da ta wuce tana ƙara nisanta shi da aikinsa da wahalar shekara uku, kuma saboda ita ne. Ta yi azahar, lokacin da ta saba jin muryarsa, ta daɗe a kan dardumar ba ta tashi ba.

Wajen la'asar sai ga Halidu bisa babur, da gorar ruwan sanyi a leda. Ya ce ya zo duba ta ne tunda Baba ba ya nan. Ta bar shi ya gama gaisuwarsa tsaf.

"Halidu, kai kake yi wa mutane takardun tafiya. Ka san abin da awa goma take nufi a jirgi. Ka san yadda takardun can suke."

"Ni ban yi ƙarya ba," ya ce yana murmushi. "Awa goma ce. Ki duba da kanki."

"Ba ka yi ƙarya ba. Ka dai san ma'aunin da tsoho zai auna da shi, ka miƙa masa."

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce wanda bai iya zuwa ba ai sai ya ce bai iya ba, ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya.

"Ya tafi," ta ce. "Yana sama yanzu haka."

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya yi shirin komai, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai wanda zai je ɗin ba. Ya tsaya jim, ya ajiye gorar bakin ƙofa, ya tayar da babur. Ba ta taɓa ruwan ba.

Ta rufe shago ta taka zuwa gida ta cikin layukan da ba kowa. Rana ta yi ja a bayan tsaunin ƙasar da aka tono daga rami. Ta shiga, ba ta hura wuta ba, ta zauna bakin ƙofar ɗakin Baba. Tsoro iri-iri ya riƙa zuwar mata. Ko a hana shi shiga. Ko ya sauka ya ji an janye maganar, ya ga ya zubar da komai a banza, ya tsane ta. Wannan na biyun ya fi tsaya mata a rai.

Ana kiran magariba wayar ta yi ƙara. Lambar Baba.

Hayaniya ce ta fara shigowa, da muryar lasifika cikin Larabci. Ashe tsohon tun da ya kashe waya ya nemi taksi daga Makka zuwa Jidda, shi kaɗai, ba Larabci ba Turanci, ya je ya tsaya bakin ƙofar fitowar matafiya. Abin da ba a taɓa ji ba, uban yarinya ya je taryen mai neman aure.

"Ban san huskarshi ba," in ji Baba. "Sai na hangi wani dogo cikin harami, kai ba komi, yana ta kai hannu ga baki yana laluben rawanin da babu. Na ce wanga nawa ne. Ya so ya durƙusa, na riƙe shi. Ni ya kamata in durƙusa."

Ya ja numfashi.

"Na ba shi, ɗiyata. In mun komo a kira Amastan a ɗamre. Ga shi."

Ta ji wayar ta sauya hannu. Ta ji numfashin da ta sani.

"Zuwairata..."

Duk maganar da ta wuni tana shiryawa ta gudu. Kuka ya ƙwace mata, ta toshe baki da gefen mayafi. Da ƙyar ta iya cewa ya yafe mata, ita ta jawo, da ta sani da ba ta faɗi abin da ta faɗa ba. Ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya ce ba abin yafewa, shi ma da ya buɗe baki ya yi magana kamar mutane da ba a kai nan ba.

"Amma ki saurare ni da kyau, don kada ki ce ban faɗa ba. Wannan karon zan faɗa duka. Ba zan iya komawa can ba."

"Na sani."

"Shagon da na yi miki alkawari babu shi. Arlit kuma kin fi ni sanin ba aiki."

"Na sani, Husainina."

Ta ji ƙarar ƙafafun mutane suna wucewa ta gefensa, kowa da inda za shi.

"Jaka ɗaya ce a hannuna," ya ce a hankali. "Ita ke nan abin da shekara uku ta bar min."

Zuwaira ta share fuska da bayan hannu.

"Ka taho da ita haka nan," ta ce. "Kai dai ka taho."